Keken da Aka Kai Ajiya Koira Kano

Ni ba ni da haƙuri. Kowa a layinmu na Kirkissoye ya sani, kuma ban ɗauki biro don in nemi a yafe mini wannan ba. Labarin keken ɗinki zan bayar, na wata maƙwabciyarmu, da yadda ƙungiyar da ta zo taimakonta ta raba ta da shi har salla ta wuce, wata sallar ta taho, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ban da ni.

Ƙungiyar ta mata ce, aikinta taimakon baƙi. Waɗanda suka kafa ta hajiyoyi ne ƴan asalin Maradi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka daɗe a Yamai har jikokinsu sun fi jin Zabarmanci a kan Hausa. Yawancinsu matan manyan ƴan kasuwa ne da na ma'aikatan ofisoshin unguwar Plateau. Innata ma tana ciki, amma ita a bakin tabarma take zama. Ni kuma da na bar makarantar lise aka jawo ni, don ina jin Faransanci kuma ƙafata ba ta gajiya. Ni ke kiran mutane taro a wayar portabul, ni ke raka baƙuwa likita, ni ke shimfiɗa tabarmi.

Ba zan yi musu ƙarya ba, suna aiki. Na ga sun yi wa baƙuwar da ba ta da kowa wanka da sutura, sun tsaya har aka kai ta makwancinta. Na ga Hajiya Shugaba ta shiga komisariya, ofishin ƴan sanda, da gyalenta ta fito da wata ƴar Benin da aka kama ba takarda. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi ne ya sa abin ya fi ciwo, don mai yi maka alheri ba ka san ta inda za ka kama shi da faɗa ba.

Tsarinsu shi ne duk baƙuwar da ta shigo hannunsu sai a ba ta uwar ɗaki daga cikin hajiyoyin. Ita ce madadin danginta a garin. In ta haihu ita ke tsayawa, in mai gidan haya ya taso mata ita ke magana. Baƙuwar kuma ta zama ɗiya: ta je gaisuwa, ta durƙusa, ta ce na gode. Babu inda aka rubuta abin da ɗiya ba ta iya faɗa wa uwar ɗakinta, amma kowa ya sani.

Maƙwabciyar tamu Yaya nake ce mata, don ta girme ni sosai. Ƴar Togo ce, daga zangon Sokode. Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shi ya kawo ta Yamai, daga baya ya rasu a hanya ya bar ta da yara ƙanana da keken ɗinki. Keken na ƙafa ne, baƙi, tsoho, wanda ta ɗauro a saman mota tun daga garinsu. Bai san wutar kuran ba, bai damu da shi ba. In an ɗauke wuta ana gab da salla, telolin bakin gudro, wato titin kwalta, masu keken lantarki sun zauna suna fifita, ita kuwa sai ka ji nata yana ta ƙara a ƙarƙashin rumfa. Da haka ta tara matan layinmu da na bayanmu. Ba ta roƙon kowa. Ta shiga ƙungiya ne kawai don kada wata rana ta faɗi ba mai ɗaga ta, aka kuwa ba ta uwar ɗaki, wata Hajiya mai gida a Koira Kano, unguwar masu hali da ke ƙetaren gada.

Sai shekarar da kogi ya shigo mana. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakinmu, a na Yaya ya wuce haka, don gidansu a kwari yake. Aka kwashe mu zuwa azuzuwan lakwal, makarantar yaran unguwa. Ƙungiya ta zo da tabarmi da shinkafa da gidan sauro. Hajiyar Koira Kano kuma ta aiko motarta mai buɗaɗɗen baya, ta ce a ɗauko keken ɗiyarta a kai gidanta ajiya kafin tsatsa ta ci shi. Ina tsaye aka ɗora shi. Yaya tana kuka tana sa mata albarka. Ni ma na ce madalla, don a ranar daidai ne.

Ruwa ya janye. Yaya ta samu wani ɗaki a tudu, kusa da mu, ta share, ta kafa rumfa, ta bar wurin keke. Ta je Koira Kano gaisuwa da niyyar a ce mata ga kayanki. Hajiya ta ce ai ƙasar Harobanda, wato ɓangarenmu na kogi, ba ta gama bushewa ba, kuma nan ga inuwa ga iska, ta riƙa zuwa tana ɗinkinta a nan cikin kwanciyar hankali. Tunda ta zo ma, ga labulen salo, ɗakin baƙinta, ya tsage.

Daga labule aka koma rigunan matashi. Daga nan kayan lakwal na jikoki. Daga nan aka sa bikin ɗiyar ƙanwar Hajiya. Yaya ta tashi da safe ta bar yara wurin innata, ta tsallake gada, ta sauya taksi, ta yini tana taka kekenta a gidan wasu, ta dawo da yamma da kwanon abinci da tsohon zane a leda. Matan Kirkissoye kuwa wa zai tsallake gada ya bi ta har Koira Kano don a auna shi, ya tsaya maigadi yana tambayarsa wurin wa ya zo? Ƙaramar salla ta zo ta wuce, rumfar Yaya ba kowa sai awakin maƙwabta.

Da layya ta matso, matan layinmu suka yi mata kara. Suka ce za su riƙe shaddarsu su jira ta har watan salla ya tsaya. In ya tsaya ba keke, to ta yi haƙuri, ba za su yi salla da tsofaffin kaya ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Telan da ya rasa salla biyu a jere ya rasa mutanensa, don mace in ta samu wanda ya iya wuyan rigarta ba ta komawa baya.

Na ce wa Yaya ta buɗe baki ta ce a ba ta kayanta. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. Ta ce wanda ya karɓi amanarka ranar da ruwa ke cin ka, ba ka zuwa ka ce ba ni, don kamar ka ce masa ɓarawo ne. Shi zai tuna da kansa. Na ce in bai tuna ba fa? Ta ce kala suru, kamar yadda Zabarmawa ke cewa sai haƙuri. A garin nan an fi saurin koya wa baƙo wannan kalmar kafin a koya masa hanyar kasuwa.

To na bi hanyar da aka ce ita ce ta mutunci. A ƙungiyar ba a kai ƙarar hajiya kai tsaye, aike ake yi. Na faɗa wa innata filla-filla: Yaya na son kekenta kafin wata ya tsaya, in ba haka ba sana'arta ta mutu. Inna ta kai wa wata aminiyarta, ta ce Yaya na cikin ɗan damuwa game da keke. Aminiyar ta kai wa Hajiya Shugaba, ta ce baƙuwar nan ta Togo tana tunanin kekenta. Hajiya Shugaba ta haɗu da Hajiyar Koira Kano a wurin wani suna, ta ce mata ɗiyarki na yaba yadda kika riƙe mata keke. Amsar da ta dawo mini ta wannan doguwar hanya ita ce: Hajiya ta ce ba komai, yi wa kai ne. Kowace baki da saƙon ya shiga sai ta lashe gishirinsa ta miƙa lami.

Na ɗauki gyalena na bi Yaya Koira Kano ba tare da an gayyace ni ba.

Keken yana wani lungu tsakanin salo da kicin, an shimfiɗa masa leshi a gefe, tulin yadi a kansa. An goge shi tas, ya fi yadda na san shi ƙyalli. Hajiya ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini bisap mai sanyi, ta tambayi innata da ruwa da gajiya. Na amsa gaisuwa a gajarce na ce na zo ne a kan keken Yaya, tana bukatarsa a gida kafin salla.

Ba ta ɓata rai ba. Mamaki ta yi, kuma na rantse mamakin gaskiya ne.

"Ikon Allah. Ni ba ta taɓa hwaɗa mini ba," in ji ta. Ta juya wajen lungun. "Ɗiyata, zo nan. Kin matsu da kekenki ne?"

Yaya ta taso da zare a bakinta, ta cire, ta durƙusa a bakin kafet. Na zuba mata ido. Kalma ɗaya ake nema, e.

"A'a Hajiya. Duk yadda kika gani."

"To kin ji," Hajiya ta ce mini tana murmushi. "Ku yaran lakwal akwai gaggawa. Sha bisap ɗinki."

Ban sha ba. Muka shiga taksi ni da Yaya har muka hau gada. Can na ce mata ta ba ni kunya. Ta ce ni ina da uwa da uba a garin nan, in na zagi kowa akwai ɗakin da zan koma. Ita in ta faɗi gobe, wa zai wanke ta? Maganar nan ta ƙara mini wuta. Don tambayar da Hajiya ta yi ba tambaya ba ce. Ka zaunar da mutum a ƙasa, kai kana kan kujera, abincin yaransa daga kicin ɗinka yake fita, sannan ka ce ya faɗi ra'ayinsa. Wane ra'ayi?

Saura taron ƙungiya, wanda ake yi ranar Lahadi bayan la'asar a tsakar gidan Hajiya Shugaba. Shi ma da tsarinsa. Hajiyoyi a kan kujeru, sauran mata a tabarma, baƙi a can baya wajen takalma. A yi gaisuwa har rana ta karkata, a faɗi wadda ta haihu da wadda ke kwance. In magana ta fara zafi, Hajiya Shugaba ba ta tsawa. Tafin hannunta kawai take ɗagawa ta dubi malamar ƙungiya, malama ta ja fatiha, kowa ya shafa. Abin da aka shafa wa fatiha kuwa ya rufu, wadda ta sake tono shi ita ce marar tarbiyya. Ba fatiha nake faɗa da ita ba, Allah ya sani. Da masu maida ta murfin tukunya nake.

Na jira aka gama lissafin marasa lafiya, na miƙe daga inda nake zuba ruwa. Na ce ina da magana a kan keken Yaya. Hajiya Shugaba ta ce an riga an duba wannan, ta fara ɗaga hannu. Na ga tafukan mata suna tashi ɗaya bayan ɗaya, malama ta gyara murya. Na riga ta.

"Kafin a shafa, Hajiya. Keken nan nata ne. Ajiya aka kai shi, ruwa ya janye tun bara. Tana ɗinka wa gida guda kaya kyauta, matan da ke ba ta aiki suna shirin tafiya. In wata ya tsaya ba keke, mun kashe mata sana'a, mu da muka ce mun zo taimako."

Innata ta kama gefen zanena ta ja har na ji ya kusa kwancewa. Hannaye na sama, an rasa a sauke ko a ci gaba. Hajiyar Koira Kano ta dubi Hajiya Shugaba, ba ni ba, ta ce a hankali, "Yau ni ce munka zama ɓarayi a bakin ɗiyar cikinmu." Yaya a can wajen takalma ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin.

Malama ta ja fatiha. Aka shafa. Ni hannuna na riƙe da buta.

A gida innata ta daina yi mini magana sai ta bakin ƙannena. Aka aiko mini cewa in huta da kiran taro, an samu wata. Ban damu ba. Abin da na damu da shi watan salla ne, kuma ya tsaya, rediyo ya faɗa, keke bai zo ba. Matan layinmu suka ƙara kwanaki kaɗan don kunya, sannan na fara ganinsu da leda a hammata suna nufar bakin gudro, suna kauce wa rumfar Yaya ta bayan gida. Ban ga laifinsu ba. Yaya kuma ba ta koma Koira Kano ba, don ba ta san da wace fuska za ta shiga ba, kuma ba a aiko kiranta ba. Ta zauna ba keke, ba kwanon abinci. A kwanakin nan in mun haɗu a famfo gaisuwa kawai muke yi.

Ana saura ƴan kwanaki salla, raguna sun cika bakin titi, aka aiko a ce Yaya ta zo gidan Hajiya Shugaba da kayanta masu kyau. Ba a kira ni ba, na je.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba. A tsakiya ga wani abu an lulluɓe da sabon zane. Hajiya Shugaba ta tashi ta yi jawabi a kan zumunci da haƙƙin baƙo. Ta ce a cikinmu akwai baiwar Allah da ba ta son a ambace ta, amma dole a ambata, wadda ta ga halin da ɗiyarta ke ciki ta ce ba za a yi salla ba sai ta tallafa mata da abin sana'a. Aka yaye zanen.

Keken Yaya ne. Shi ne, da tabon da ke gefen teburinsa inda dutsen guga ya taɓa ƙona shi. An sa masa sabuwar igiya, an ɗaura masa kintinkiri ja a wuya kamar ragon da za a kai gidan surukai.

Aka yi guɗa. Matan da suka ga an ɗora keken nan a mota ranar ruwa, da idonsu, su ne suka fi kowa tafi. Aka kira Yaya ta fito, ta durƙusa gaban Hajiyar Koira Kano, ta yi godiya, ta sa albarka har ga jikoki. Hajiya ta dafa kanta tana share ƙwalla. Aka ba ta kayanta kyauta, ta ce na gode.

Da ake watsewa Hajiya Shugaba ta kira ni gefe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in koya, haka manya ke gyara abu: keke ya koma, Hajiya ba ta ji kunya ba, ƙungiya ba ta tsage ba. Ta ce da na yi shiru ma da tuni an san yadda aka yi, bakina ne ya ja abin ya daɗe, don sai da aka jira zuciyar Hajiya ta huce. Na tambaye ta ko akwai wanda ya jira shaddar matan Kirkissoye ta huce. Ta ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, da mu duka.

A kura muka kai keken gida, ni da Yaya muna biye da mai turawa. Aka ajiye shi a ƙarƙashin rumfa. Ta kwance kintinkirin ta ba ƙaramar ɗiyarta ta yi wasa. Ta zauna, ta taka, ya amsa. Sai dai ba abin ɗinkawa. Duk layin an kai wani wuri.

Muna zaune sai ga innata, wadda ta yi kwanaki ba ta dube ni ba, da leda a hannu. Shaddarta ce ta salla, da atamfata, da yadin ƙannena, ko almakashi bai taɓa su ba. Ta ajiye a kan teburin keken ta ce wa Yaya wuyan kada ya yi faɗi irin na bara waccan. Ta juya ta tafi, ni ko kallo ban samu ba. Kayan gidanmu kaɗai Yaya ta ɗinka a sallar nan.

Wasu matan sun dawo daga baya, da yawa ba su dawo ba. Yanzu rabin aikinta gyaran tsofaffin kaya ne da facin kayan lakwal. Ba a cire ta daga ƙungiya ba, ba a kuma sake ba ta uwar ɗaki ba, an bar ta a tsakiya. Kashegarin salla ma sai da ta shirya ta tsallake gada ta kai wa Hajiya barka da salla. Ta ce in raka ta. Na ce ƙafata na ciwo, ta ce bakina ne dai ba ya ciwo.

Da damina ta zagayo, kogi ya fara cika, aka shiga faɗin a kwashe kaya. Ƙungiya ta aiko a tambayi baƙi masu abin da suke so a kai musu ajiya. Ina ɗaki ina ninke tufafi sai ga Yaya ta turo labule da ƙafa, tana nishi, ta rungumo kan keken a ƙirji, ta kwance shi daga teburinsa ta naɗe da tsohon zane. Ta ce in hau kujera in ɗora mata a saman almuwar, dogon kabad ɗinmu na tufafi.

Na ce ɗakinmu ma ruwa na shiga, ta manta? Ta ce bai taɓa kai saman almuwar ba.

Na ce, "To ni ma in na riƙe fa? In ce ki riƙa zuwa kina ɗinka mini a nan?"

"Ke?" in ji ta. "Ke ai sai in zage ki tas in ɗauki kayana."

Na hau kujera. Ta miƙo, na karɓa. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa.